Tashar ƙasa, ɗan aike a sama, ko na'ura mai shiga kowace hanya: wanne ya dace da tauraronka?

Duk mai ƙera tauraron ɗan'adam yana da shawara guda da ba ya iya warware ta daga baya, ita ce rediyon da zai ɗaura masa. Da zarar roka ta tashi, magana ta ƙare. Ana iya sabunta manhaja daga ƙasa, amma eriya da na'urar ƙara ƙarfin sigina da zangon mitar da aka zaɓa, da su tauraron zai rayu, da su zai mutu. A da wannan shawara ba ta da wuya sosai, domin hanyoyin kaɗan ne. Yanzu kuwa gwamnatin Amurka tana janye jiki daga harkar, kamfanoni suna ta rububin shiga, ga kuma sabuwar na'ura da ake cewa tana iya tsallakawa daga hanyar gwamnati zuwa ta 'yan kasuwa tana cikin tafiya. Mai aikin da ke zaune da zanen tauraronsa a gaba, ko jami'a ce, ko ƙaramin kamfani, ko wata hukuma, dole kansa ya ɗaure.

Kafin a taɓa zaɓi ko ɗaya, sai an san da me za a auna su.

Na farko kuma mafi girma shi ne jinkiri: daga lokacin da tauraro ya ga abu zuwa lokacin da labarin ya iso hannunka, minti nawa za ka iya jurewa? Tauraron da ke tafiya kilomita 500 sama da ƙasa yana gama zagaye ɗaya cikin minti casa'in da 'yan kai, yana gudun kilomita bakwai da rabi a daƙiƙa. Tasha guda a ƙasa ba ta ganinsa fiye da kamar minti goma a kowane wucewa, kuma ba kowane zagaye ne ke biyowa ta kanta ba. Mai auna yadda daji ke raguwa shekara bayan shekara ba ruwansa da wannan. Mai bin sawun gobarar daji ko jirgin ruwan da ya kashe na'urar shaidarsa kuwa, awa biyu a wurinsa asara ce.

Na biyu shi ne yawan bayanai. Tauraron da ke aiko da zafin batirinsa da 'yan lambobi daban yake da mai radar ko kyamara da ke tara ɗaruruwan gigabait a yini. Sai nauyi da wuta, domin ƙaramin tauraro irin wanda bai fi akwatin takalmi ba yana rayuwa ne a kan wat 'yan gommai. Sai kuɗi, wanda kashi biyu ne: na sayen na'ura, da na biyan hidima har ƙarshen aiki. Sai ɗorewa, kuma a nan ba ƙarkon ƙarfe kaɗai ake nufi ba, har da ko mai ba ka hidimar zai kai shekarun da tauraronka zai kai. Na ƙarshe shi ne wahalar lasisi da haɗarin dogaro da hannu ɗaya.

Magana kai tsaye da tashar ƙasa

Wannan ce tsohuwar hanya, kuma har gobe ita ce ke ɗauke da mafi yawan kayan. Tauraro yana ajiye abin da ya tara, idan ya zo saitin tasha ya sauke. Umarni da rahoton lafiya kan bi ta zangon S, manyan bayanai su bi ta zangon X ko Ka (waɗannan haruffa sunayen yankunan mitar rediyo ne). Lissafin ba wuya: a kan megabit 300 a daƙiƙa, wucewa ɗaya na minti takwas zai sauke gigabait 18.

Kana iya gina taka tashar. Ga ƙaramin tauraro na karatu mai amfani da zangon UHF, kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma akwai SatNOGS, gamayyar tashoshin 'yan sa-kai da ta faro a 2014, da ke kama siginar irin waɗannan taurari kyauta. Amma da zarar aikin ya kai ga babbar eriya mai siffar faranti ta zangon X, gini da gyara da albashin masu kula za su ci kuɗi mai yawa, kuma duk da haka ido ɗaya gare ka a doron ƙasa.

Shi ya sa yawancin masu aiki na gaske haya suke yi. Kamfanin KSAT na Norway yana da tasha a Svalbard, a digiri 78 arewa, inda tauraron da ke ratsa ƙarshen duniya na arewa da na kudu ke bayyana a duk zagayensa goma sha huɗu na yini, yana kuma da wata a Troll da ke Antatika. Haɗa biyun, jiranka ya koma kamar minti arba'in da biyar zuwa hamsin. Akwai SSC na Sweden mai tashar Esrange kusa da Kiruna, akwai Leaf Space na Italiya, akwai AWS Ground Station da ya fara aiki a 2019 yana caji a kan minti. Na'urar da ke jikin tauraro ba ta da tsada idan aka kwatanta da sauran hanyoyi, masu sayar da ita da yawa ne, kuma kusan dukansu suna bin ƙa'idojin CCSDS, kwamitin da hukumomin sararin samaniya suka kafa tun 1982. Wannan shi ne babban alherinta: idan wani kamfani ya ɓata maka rai ko ya rufe, ka koma wani ba tare da an taɓa tauraron ba. Kuma rufewa tana faruwa, har ga manya. Microsoft ya buɗe irin wannan hidima da sunan Azure Orbital, ya kuma naɗe ta a ƙarshen 2024.

Aibinta ɗaya ne, amma babba: tsakanin tasha da tasha tauraronka kurma ne kuma bebe.

'Yan aiken gwamnati

Maganin wannan kurunta shi ne a ɗora wani tauraro can sama, kilomita 35,786, inda yake tafiya daidai da juyin duniya, ya karɓi saƙo daga na ƙasa da shi ya miƙa wa tasha. Uku irinsa sun isa su ga kusan ko'ina. NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta fara harba nata 'yan aiken, masu suna TDRS, a watan Afrilun 1983, na biyunsu ya hallaka tare da kumbon Challenger a 1986, na ƙarshe ya tashi a watan Agustan 2017. Da su tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da madubin Hubble ke magana da tashar ƙasa ta White Sands a jihar New Mexico. Kafin zuwansu, kumbo ba ya samun magana da ƙasa sai a kamar kashi 15 cikin ɗari na zagayensa, su suka ɗaga shi zuwa sama da kashi 85.

Ba sai na tsawaita a kan ingancinsu ba, domin ga sabon aiki ƙofar a rufe take. Tun watan Nuwamban 2024 NASA ta daina karɓar sababbin ayyuka a kan TDRS. Waɗanda ke ciki za su ci gaba har taurarin su tsufa, amma ba za a ƙera wasu ba. Turai tana da EDRS, wanda kamfanin Airbus ke gudanarwa tare da ESA, hukumar sararin samaniyar Turai: kashi na farko ya tashi a 2016, na biyu a 2019, yana karɓar bayanai ta hasken leza a kan gigabit 1.8 a daƙiƙa daga taurarin Sentinel masu ɗaukar hoton duniya. Hanya ce mai ƙarfi, sai dai na'urarta ta manyan taurari ce, kuma ba duk duniya take rufewa ba. Sin tana da Tianlian tun 2008, Rasha tana da Luch, kowanne don ayyukan gidansa da na abokansa. Idan ba gwamnatin da ta mallaki hanyar ce ta ɗauki nauyin aikinka ba, kada ka gina shirinka a kanta.

'Yan aiken kasuwa

A nan ne kasuwa ke ci, a nan ne kuma ake yawan ruɗewa, saboda abubuwa uku mabambanta ake kira da suna ɗaya.

Akwai siririyar hanya. Kamfanin Iridium yana da taurari 66 a tsayin kilomita 780, na kamfanin Globalstar kuma suna a tsayin wajen kilomita 1,400. An ƙera su ne don wayoyi da na'urori a doron ƙasa, amma masu ƙananan taurari sun daɗe suna ɗaura 'yar na'urarsu, wadda ba ta cika tafin hannu ba, su riƙa samun gajeren saƙo. Gajere ƙwarai: saƙon Iridium na wannan nau'i bai wuce bait 340 ba. Ba za ka sauke hoto da shi ba, amma zai gaya maka batir na mutuwa tun kafin ya mutu, kuma a kwanakin farko bayan harbawa, lokacin da taurari gommai suka fito daga roka ɗaya ba wanda ya san wanne ne nasa, wannan 'yar murya tana ceton aiki. Sharaɗin shi ne ka kasance ƙasa da su, domin eriyoyinsu ƙasa suke kallo, kuma ba kowane saƙo ne ke shiga a karon farko ba. Matakin da ya ɗara wannan shi ne IDRS, na'urar kamfanin Addvalue na Singafo da ke bi ta taurarin Inmarsat a zangon L, da saurin kilobit ɗari biyu ko makamancin haka. Kamfanin radar na Capella Space ya fara amfani da ita a 2020 don aika wa tauraro umarnin ɗaukar hoto nan take, maimakon jiran tasha.

Akwai faffaɗar hanya ta zangon Ka, ta taurarin Viasat da ke can sama da na O3b mPOWER na kamfanin SES da ke tsakiya, wajen kilomita 8,000. Wannan tana iya ɗaukar megabit gommai zuwa ɗaruruwa. Amma a tuna, an tsara su ne don jiragen sama da na ruwa. Tauraron da ke gudun kilomita bakwai da rabi a daƙiƙa yana keta da'irar siginarsu cikin minti ɗaya ko biyu, dole a yi ta miƙa shi daga wata da'ira zuwa wata, kuma gudun nasa kaɗai kan karkatar da mita da ɗaruruwan kilohaz. Ana shawo kan wannan, amma da kuɗi da wuta da faranti mai bin saiti. Ta fuskar doka ma sabuwar aba ce: sai a babban taron ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2023 a Dubai aka amince da irin wannan magana tsakanin tauraro da tauraro a sassan zangon Ka na kasuwa.

Sai ta uku, leza zuwa cikin garken taurari na ƙasa-ƙasa. Starlink na SpaceX ya riga ya haɗa dubban taurarinsa da leza, kuma a watan Satumban 2024 kumbon Polaris Dawn ya gwada shiga wannan hanya da mutane a ciki. Sauri a nan ba a magana, jinkiri kuma kusan babu. Abin da ke sa ni ja da baya shi ne mallaka. Na'urar tasu ce, tsarin maganar nasu ne, farashin ma su za su yanka. Ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da nata ma'aunin leza ta hannun SDA, hukumarta ta bunƙasa ayyukan sararin samaniya, don masu ƙera daban-daban su iya gaisawa, amma wannan ma'auni daban, na Starlink daban. Leza kuma tana son saiti na gaske, tauraron da ke rawa ko kaɗan ba zai riƙe haske daga nisan dubban kilomitoci ba.

A watan Afrilun 2022 NASA ta raba dala miliyan 278.5 ga kamfanoni shida don su nuna za su iya maye gurbin TDRS: SpaceX, Kuiper na Amazon, Viasat, Telesat, SES da Inmarsat. Shekara guda bayan haka Viasat ya haɗiye Inmarsat, shida suka koma biyar. A 2025 SES ya saye Intelsat. Wanda ya sa hannu a kwangilar shekara goma ya kwana da sanin cewa mai yiwuwa ba da wanda ya fara zai ƙare ba. Taurarin da kansu ma ba su fi ƙarfin tsautsayi ba: eriyar ViaSat-3 na farko ta ƙi buɗewa yadda ya kamata a 2023, Intelsat 33e ya tarwatse a watan Oktoban 2024, kuma kutsen da aka yi wa hanyar intanet ta tauraron KA-SAT ta Viasat ranar 24 ga Fabrairun 2022 ya kashe dubun-dubatar na'urori a Turai.

Na'ura mai shiga hanyoyi da yawa

Daga wannan fargaba ce tunanin na huɗu ya fito. Wayar hannu idan ta bar inda layinta ke da sabis takan hau na wani kamfani ba tare da mai ita ya sani ba, to me zai hana kumbo yin haka? Amsar NASA ita ce PExT, na'urar da ɗakin bincike na APL na Jami'ar Johns Hopkins ya ƙera. Ta tashi ranar 23 ga Yulin 2025 daga Vandenberg a Kalifoniya, a kan rokar Falcon 9, a jikin wani tauraro mai suna Bard na kamfanin York Space Systems, kuma ta yi magana ta TDRS da ta hanyoyin Viasat da SES.

Sirrinta faɗin kunne ne. Zangon Ka ba fili ɗaya ba ne, an yanyanka shi: 'yan kasuwa suna sauko da saƙo tsakanin gigahaz 17.7 da 20.2, sojoji daga 20.2 zuwa 21.2, TDRS kuma yana can wajen 22.55 zuwa 23.55. Rediyo na yau da kullum yanki ɗaya yake ji. PExT tana karɓa tun daga 17.7 har 23.55, tana aikawa daga 27 zuwa 31, wato ta ratsa duka ukun. Sauran aikin na manhaja ne: kowace hanya da irin tsarin siginarta, sai a loda wanda ake buƙata, har ma wanda ba a ƙirƙira ba tukuna ranar da aka harba tauraron.

Ina ganin wannan ita ce alƙiblar da ta dace ga ayyuka masu tsawon rai, amma kada a yi gaggawar ɗaukar ta a matsayin maganin komai. Da farko, gwaji ce, ba kaya ne da ke jere a kanti da farashi a jiki ba. Na biyu, faɗin zango yana da kuɗin fansa, domin eriya da na'urar ƙara ƙarfi da aka ƙera su yi aiki a ko'ina ba sa kai ingancin waɗanda aka ƙera don wuri guda, kuma isa ga tauraron da ke nisan kilomita dubu talatin da shida yana son faranti da wuta da ƙaramin tauraro ba shi da su. Na uku, wanda aka fi mantawa, iya jin sigina ba izinin shiga ba ne. Kowace hanya sai da kwangilarta, da gwajin amincewarta, da lasisinta. Kamfanonin waya sun shafe shekaru suna ƙulla yarjejeniyoyi kafin abin ya zama kamar wasa, a sama kuwa yanzu aka fara. Mai hanyoyi uku yana iya samun kansa yana biyan kuɗin ajiye gurbi a wuri uku. Kuma ba ta jin leza, saboda haka hanyar da ta fi kowace sauri tana wajen shingenta.

| Hanya | Jinkiri | Yawan bayanai | Nauyi da wuta | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tasharka ta kanka | awoyi | daidai girman faranti | kaɗan | gini da gyara a wuyanka | ido ɗaya kacal |
| Hayar tashoshi | minti 45 zuwa 90 | mai yawa | kaɗan zuwa matsakaici | biya a kan minti ko wucewa | shiru tsakanin tashoshi |
| Ɗan aiken gwamnati | kusan babu | mai yawa | matsakaici zuwa mai yawa | sai da gatan hukuma | TDRS ya rufe ƙofa |
| Siririn ɗan aiken kasuwa | daƙiƙoƙi zuwa mintoci | kaɗan ƙwarai | kaɗan | mai sauƙi | ba ya ɗaukar hoto |
| Ɗan aiken Ka na kasuwa | kusan babu | mai yawa | mai yawa | mai tsada | ɗaure ga kamfani ɗaya |
| Leza zuwa garken taurari | kusan babu | mafi yawa | matsakaici, da saiti mai tsanani | mai kamfani ke yankawa | ba ƙofar fita |
| Na'ura mai hanyoyi da yawa | kusan babu | mai yawa | mai yawa | mafi tsada a farko | sabuwa ce, kwangiloli da yawa |

Abin da jadawalin ba zai nuna ba shi ne cewa kusan babu mai hankalin da ke tashi da hanya ɗaya. Ko wanda ya ɗaura leza mafi tsada yana barin ƙaramin rediyon zangon S mai eriyar da ke ji ta kowace fuska, domin ranar da tauraro ya rikice ya shiga juyi, faranti da leza duk sun tashi aiki, wannan ɗan rediyo kaɗai zai ji kiranka. Tambayar gaskiya ita ce me za ka ƙara a kansa.

Wa ya kamata ya ɗauki me

Jami'a ko ƙungiyar da ke harba tauraronta na farko, wanda zai yi shekara ɗaya zuwa uku: rediyon UHF ko S, 'yar tasha taku, da SatNOGS. Idan da sauran kuɗi da gurbi, a ƙara na'urar Iridium ko Globalstar don kwanakin farko. Ku fara neman lasisin mita tun ana zane, domin takardun ITU da na hukumar ƙasarku sukan fi ƙera tauraron ɗaukar lokaci.

Kamfanin ɗaukar hoton duniya da abokan cinikinsa ke iya jiran awa guda: hayar tashoshi a zangon X, daga kamfanoni biyu idan hali ya yi. Wannan ce hanya mafi arha a kan kowane gigabait, kuma mafi sauƙin sauyawa.

Wanda cinikinsa sauri ne, kamar mai radar da ake kira a ce a duba wuri kaza yanzu: tashoshin haya don sauke kaya, da siririn ɗan aike irin IDRS don aika umarni. Sau da yawa rabin jinkirin yana wajen isar da umarni ne, kuma wannan rabin ana kashe shi da kuɗi kaɗan. Sai idan abokin ciniki zai biya don hoton ya iso cikin mintoci sannan a yi maganar Ka ko leza.

Tashar sararin samaniya ta 'yan kasuwa ko kumbo mai ɗauke da mutane: leza ko Ka don bidiyo da manyan bayanai, tare da wata hanya ta biyu daga wani kamfani dabam, ba reshen na farko ba.

Babban tauraron kimiyya ko na yanayi da zai ci ɗaruruwan miliyoyin daloli, a kuma sa ran zai yi shekara goma sha biyar: wannan shi ne mai na'ura mai hanyoyi da yawa. Hubble ya tashi a 1990 kuma har yanzu yana aiki, ya ga tashin kamfanonin sadarwa da faɗuwarsu da dama. Aikin da ke da irin wannan buri, idan lokacin yanke shawararsa ya zo kafin na'urar ta shiga kasuwa sosai, ya nemi aƙalla rediyon da ake sauya masa manhaja daga ƙasa, da eriya mai faɗin zangon Ka gwargwadon abin da nauyi da wuta suka bari, sannan ya sa a rubuta cikin kwangilar hidima abin da zai faru idan an sayar da kamfanin ko an ajiye tauraron da yake bi.